An mai da yayata dodo a wasan yara

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san zagi kawai ya iya ya wuce abinsa, wanda ke cikin gidana ma ya ishe ni.

Wani ɗan ƙara ne ya fara komai, kacau-kacau, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa. Ina tankaɗe bayan la'asar na ji shi daga zaure, na fita da rariya a hannu don na ɗauka caca aka shigo mini da ita. Sai na tarar da ƙanin maigidana, Mutari, wanda ya dawo daga karatu a Yamai, ya shimfiɗa wata babbar takarda kan tabarma, ya zana duwatsu da rijiyoyi da ganuwa irin ta Birni, 'ya'yana biyu Nana da Rabi sun sa shi tsakiya. Cikin gwangwanin 'ya'yan lido ne amma wasu iri, ɗaya ma fuskarsa ashirin. Ya ce ba kuɗi a ciki, labari ne shi ke bayarwa, kowace yarinya da jarumarta, in za ta yi wani abu sai ta jefa, lambar da ta fito ita za ta nuna ta ci ko ta faɗi. Na tambayi malamin islamiyarmu, ya ce in ba caca ba duba, kuma ba a wasa da lokacin salla, to tatsuniya ce. Na ƙyale su, har na ji daɗi sun daina yawo cikin rana.

Kun san halin da ake ciki bana, ruwa ya ɗauke gero bai ko fid da kai ba. Mu 'yan Guna ne ta wajen Mirriya, aure ya kawo ni Damagaram. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya tafi cin rani shiru, rumbu wayam, ta zo wurina da 'yarta Hajo mai shekara tara da buhu biyu, ba komai ciki sai 'yan tsummokaransu. Wannan baiwar Allah ita ta riƙa yin dakana da ɗiban ruwana har na yi kolej. Maigida ya karɓe su, ba da sakin fuska can ba, amma dai ya karɓa.

To a labarin Mutari akwai wani mugu, Sarkin Ƙishi, yana zaune cikin busasshiyar rijiya, sai aka zo wurin zaɓa masa barori. Ya karanto musu wasu daga salularsa da faransanci, gawawwaki masu tafiya, gizo-gizo ya kai jaki girma, yaran suka yi ta dariya. Sai ya ce tsoro na gaske daga gida ake ɗebo shi, kowa ta faɗi abin da ya fi ba ta tsoro bana. Rabi ta ce fara mai girman akuya. Nana, babbar, wadda nake yi wa kallon mai hankali, ita ta kawo Masu Buhu. Wai wasu ramammu ne, dugadugansu duk kaushi, a ƙafa suke zuwa daga ƙauye, ba sa faɗa ba sa cizo, sallama kawai suke su zauna maka a zaure. Duk jefawar da lamba ta yi ƙasa tiya ɗaya ta hatsinka ta tafi. Takobi ba ya cin su, ba sa koruwa kuma, domin da sunan zumunci suke kiranka. Mutari ya tafa, ya ce duk littafinsa babu dodon da ya kai wannan, ya zana shi cikin kayensa, wato littafin rubutunsa na makaranta, da koren zane da wushirya. Jama'a mutum ɗaya ce mai koren zane da wushirya a gidan nan. Kuma da yake Hajo na da harshen ƙauye, ita suka ba muryar dodon, sai su ce ta yi, ita kuma ta ce, "Salamu alaikum, mun zo gaisuwa," su kwashe da ihu suna ɓuya bayan juna.

Kwana uku ina ji ban gane ba, sai da na ga zanen. Na tare Mutari, ya mai da abin wasan matar wa, yana ce mini matata fushi ba ya yi miki kyau. Na ce masa ni ba matarsa ba ce yau, kuma karatun da bai koya wa mutum kunya ba asarar kuɗin mota ne. Nan ya murtuke, wai shi bai kama sunan kowa ba, wai yara ba sa ƙirƙiro abin da ba su ji a gida ba, in binciki kaina. Maganar ta soke ni, don gaskiya ni ma nakan buɗe buhun hatsi in duba inda ya kai, amma wallahi ban taɓa furtawa ba. Na kai wa maigida, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce wasan yara ne suna ma koyon lissafi, wanda ya ga an ci masa fuska hanyar Guna a buɗe take.

Yayata ta ci gaba da harkokinta. Sai dai na lura azuminta ya yi yawa, a da Litinin da Alhamis ne, yanzu har Talata da Asabar wai ramuwa, in an buɗe baki ta sha ruwa ta tura wa Hajo tuwonta. Jiya ta wanke buhunan nan ta shanya, ta ce ranar kasuwar Mirriya za ta bi mota ta je ta dubo gida. Na san ba dubowa ba ce, kuma na san abin da ke can, ko dusa babu.

Na kwashe kayen da takardar da gwangwanin na ɓoye. Nana da Rabi sun daina yi mini magana sai gaisuwa, Mutari na aiko mini saƙo wai aikin wata huɗu ne in mayar masa ko ya kai ni gaban Hajiyarsu, wadda dama tun farko ba ta so zuwan baƙin ba. In na ƙona, rigima ta tashi, yayata za a ce ta haddasa. In na mayar, na yarda ke nan a ci gaba da yi da ita a zauren gidana. In je in durƙusa mata in fasa maganar, ko in yi kamar ban san ta ji ba? Yaya zan yi in hana ta shiga motar nan? Saura kwana biyu.

Da safen nan na hura wuta, kayen na hannuna na riga na yanke shawara, sai Hajo ta zo ta tsuguna kusa da murhu ta kama mini gefen zane. Ta ce, "Inna, don Allah kar ki ƙona. In ina dodon ne kawai suke barina in hau tabarma."