Kujerar da ta ƙi matsowa

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce gashin ƙashi sau uku a mako, ba fashi, in ana so hannun maigidana Malam da ya shanye ya dawo. Ni ce direba ke nan. Na shiga tsohuwar motarsa, ƙafata ko birki ba ta kai ba. Kujerar tana can baya inda dogayen ƙafafunsa suka bar ta, makunnin da ke matsar da ita ya mutu. Shekara biyu yana cewa zai gyara. Haka ya riƙa cewa zai sha maganin hawan jini.

Laraba, 5 ga Maris

Matashin kai biyu na sa a bayana don ƙafata ta kai birki. A mararraba ɗaya ya zame, saura ƙiris in hau mai keke. Malam ya ce, "A hankali, Malama," da wannan karkataccen bakin nasa. Na ce wanda ya jefa mu a rijiya ba shi zai koya mana iyo ba. Haka muka isa asibiti.

Na karanta littattafai sun fi ɗari a kan haƙuri. Marubutansu ba su taɓa tuƙi da matashi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai wayarin mota ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ya ce motar ta tsufa, an daina kawo irin makunninta. "Hajiya, in haɗa waya da waya ta matso daidai ke, sai in yanke. Ai mai ita ya gama tuƙi, ko?"

Na ce ya mayar da murfin yadda ya same shi. Ban san muryata na kai can ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na ɓalle makunnin da kaina, na kawo falo. Malam na ta ɗaga hannunsa mai lafiya, ni kuwa ko kallo. Ashe cewa yake kada in buɗe shi a kife. Na buɗe. Sifirin, wato 'yan murɗaɗɗun wayoyin ciki, da 'yan ƙwallayen ƙarfe kamar kan allura suka watse a kafet. Awa guda ina rarrafe, shi yana nuna mini da sanda. Sifirin ɗaya ya ɓata.

Dariya ya yi. Ta farko tun da ya faɗi. Na ci gaba da lalube a kafet.

Lahadi, 9 ga Maris

A kan faranti na yi aikin yau, bisa umarninsa. 'Yan tagullan ciki sun yi baƙi ƙirin. Na goge su da sanfefa har suka yi ja. Sifirin da ya ɓata, ya ce in ciro na biro in rage tsawonsa. Biron da nake gyaran jarrabawa da shi! Ya ce, "Ɗalibanki za su yi mini addu'a."

Talata, 11 ga Maris

Na mayar da makunnin, kujerar ta motsa. Gaba, baya, sama, ƙasa, tana gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci.

Na zauna zan daidaita ta, ya ce in bari. Ya jingina da ƙofa, ya ɗora yatsan hannun da ya shanye a kan makunnin, ya danne shi da ɗaya hannun. Na yi ta tafiya gaba a hankali har tafin ƙafata ya zauna a kan birki.

"Ya isa?"

Na ce ya ɗan ƙara. Ya riga ya isa, amma yatsan na aiki.

Na ba shi maganinsa na ƙarfe takwas. Yau ban yi masa gori ba. Mantawa na yi, ina jin.