Jan Ɗigon da ke Goshinka

Zuwa ga ƙanena Buhari,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu, ya baƙunta a Indiya? Mu nan Bodinga lafiya lau, sai tsadar sabulu. Inna ta ji sauƙin ƙafa.

Hotonka ya iso, kana tsaye ƙofar tsohon ɗakin bautar nan da sarakunansu na da sunka sassaƙa da dutse. Ka ce tarihi ya kai ka. To, jan ɗigon goshinka fa?

Na kai ma Ba'indiyen da ke koyarwa a sakandare hoton. Ya nuna mini gunki mai kan giwa a bayanka cikin hoton, ya ce duk shekara ana yi mai biki, a raka shi ruwa da kiɗa. Da na tambaye shi batun ɗigon, sai ya ce, "Kowane baƙo ana sa mai." Ban gamsu ba.

Gaya mini gaskiya, ka rusuna gaban gunkin ko a'a?

Ka sa mu a addu'a. Kawu na Sifawa na gaishe ka. Inna kam na ce mata ba ka aiko hoto ba. Kar ka sa in sake yi mata ƙarya.

Yayanka,
Sanusi