Mabiyiyar Kahurangi a Cikin Tukunya

Zuwa ga 'yata Rangimarie,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin isa Perth lafiya, ke da mijinki Tamati da jaririyarmu Kahurangi. Ya zafin garin? Mu nan sai ruwan sama da ciwon gwiwa.

Mabiyiyar Kahurangi da kika bar mini tana nan. Na sa ta a babbar tukunyar ƙasa, na dasa ɗan itacen totara a kai. Kin ce in binne ta ko'ina in huta. Ban ji wannan maganar ba, kuma kada ki sake ta. Ta mahaifinki tana tudun bakin rafi, taki ma tana can, ta jikata ba za ta kwana a bayan gareji ba.

Na san abin da za ki ce, tudun guba ne. Ni ma na sani. Maganin da tsohon kamfanin katako ya yi ta zubarwa shi ya shiga ƙasar har ya kai ga ruwan rijiya, shi ya cinye mahaifinki. Watan jiya masu gyara suka zo da katafila da tifofi, wai za su kwashe ƙasar su kai juji. Na ɗauki kujerata na zauna a gaban katafilar. Baffanki Paora yana ta cewa, "Ngahuia, tashi mana, kina ba mu kunya!" Na ce masa, "In za a kai mabiyiyar yayanka bola, to a haɗa da ni, ai tifar tana da wuri."

A nan wata dakta mai binciken ƙasa, Moira, ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Goggo, in ba za a kwashe ba, ki bar ni in gwada wanke ta a inda take. Amma sai kin yi haƙuri na shekaru, kuma ban yi miki alkawari ba." Rashin alkawarin ne ya sa na yarda da ita.

Ki shafa mini kan yarinyar.

Mahaifiyarki,
Ngahuia

Zuwa ga Rangimarie,

Ina gaishe ku da kyau. Hoton ya iso, na ga Kahurangi har ta fara gudu, goshin kakanta sak. Tarin da kika ce tana yi ya sauka?

Kin tambayi aikin Moira. Ba za ki yarda ba, laimar kwaɗi ce maganinta! Tana renon wani irinta a cikin ɓarɓashin katako, a cakuɗa da ƙasar, saiwoyinta farare kamar zare su yi ta cin gubar a hankali. A gefen rafi kuma ta sa mun dasa itatuwa masu yawan shan ruwa, su zuƙo na ƙarƙashin ƙasa kafin ya gangara. Paora ya ce, "Katako ya kashe mu, katako zai tashe mu? Wannan baiwar Allah naman kaza take nomawa da kuɗin gwamnati." Shi ne yanzu yake riga kowa zuwa da baro.

Bara sanyi ya kashe rabin shukar, gwajin bai nuna komai ba. Na iske Moira a mota tana kuka. Na ba ta shayi da gasasshen dankali, na ce ta share hanci ta koma bakin aiki, ni ban zauna gaban katafila don a bar ni a hanya ba. Bana ta lulluɓe ƙasar da ciyawa, abin ya kama.

Yanzu daga wasu garuruwan masu irin ciwonmu ake zuwa kallo, ita kuma sai ta tura ni gaba in yi bayani. Ni da ban gama makaranta ba!

Totarar ta tsaga tukunya, na ɗaure ta da waya. Ina jin tsoro, 'yata, kada itacen ya gaji kafin ƙasar ta warke, ko ni in gaji.

Mahaifiyarki,
Ngahuia

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya nauyin jiki? Likita ya yi daidai da ya hana ki hawa jirgi da tsohon ciki, kada ki sa damuwa. Na gode da kika turo Tamati da Kahurangi.

An gwada ƙasar an sake gwadawa, har wasu masana daban suka zo suka ɗiba, duk magana ɗaya: tudun ya warke. Ruwan rijiya da saura, amma yana hanya. Ranar Asabar dangi suka taru, aka gasa nama da dankali a rami can gida, aka hau tudun da waƙa. Tukunyar ta ƙi sakin itacen, sai da Paora ya fasa ta da guduma yana hawaye yana cewa hayaƙi ne. Muka sa mabiyiyar Kahurangi da totararta kusa da ta kakanta. Na ba Moira shebur ta zuba ƙasar farko. Ta ce ita baƙuwa ce, na ce baƙo ba ya yin shekara biyar yana durƙuso a gonar mutane. Ban san da wane baki zan gode wa matar nan ba.

Ga abin da nake so ki sani. Kahurangi ta zauna dirshan tana tura ƙasa da hannu biyu, aka miƙa mata burodi, ta karɓa da hannun nan dumu-dumu ta kai baki. Sai na ga hannuna ya tashi da kansa zai buge nata, kamar yadda na yi ta buge naki a tudun nan tun kina rarrafe. Na bi matan da ke wurin da kallo, ashe kowacce hannunta ya motsa. Muka dubi juna. Na mayar da nawa kan cinya, yarinya ta cinye burodinta tas har da lasar yatsa.

Ki sauka lafiya. Wanda ke tafe ba sai na nemo masa tukunya ba.

Ni ce mahaifiyarki mai kewarki,
Ngahuia