Nonon Kyalla

Zuwa ga Dije,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san ba mai kai miki takardar nan, ba kuma za ki karanta ba. Da ma ko kina raye cewa za ki yi rubutuna tafiyar kaza ne, ki miƙa wa 'yarmu Maryama ta karanta miki. Amma wata magana ta tsaya mini a wuya wata bakwai ke nan, gara in sauke ta.

Gida lafiya. Matar ɗanmu Habu ta sauka, mace, an sa mata sunanki, kuma ta gado ki wajen ɗaga murya. An gyara kwatar ƙofar gida da kika shekara kina mita a kanta, yanzu keke har bakin zaure yake sauke mutum. Akuyarki Kyalla ta haifi 'yan biyu. A kanta ne ma nake son mu yi magana.

Dije, na sani. Cukun da kika shekara talatin kina soya mini, na nonon akuya ne.

Kin tuna makon bikinmu, a gidan goggonki, da na cika baki cewa ni jikan masu shanu ne, nonon akuya ba zai taɓa wuce maƙogwarona ba? Ni da ko ɗan maraƙi ban mallaka ba, sai alli da tsohon keke. To, magana zarar bunu ce. Can sai cuku ya fara bayyana a kwanona, wai wata Bafulatana ce ke kawo miki nonon shanu. Bafulatanar da duk unguwarmu ta Jekadafari ba wanda ya taɓa ganin ƙwaryarta, kuma ba ta zuwa sai ina masallaci!

Wata asuba na dawo da wuri, na hango ki tsugune a gindin kakar Kyalla kina tatsa. Na ja da baya a hankali, na tsaya a zaure na yi tari har kika kimtsa. Tun daga ranar kullum sai na yi tarin nan. Ba ki taɓa mamakin mutumin da ke ƙin awaki amma yake cika gida da harawa ba? Ko yadda na hana magina sare tumfafiyar bayan katanga? Da kika kori bunsuru daga gidan, kina tsammanin ban gane don kada nono ya yi ƙarni ba ne?

Bayan rasuwarki Maryama ta sayo nonon shanu na gaske ta yi mini cuku. Ya yi kyau, Allah Ya yi mata albarka, amma ba shi ba ne. Sai Habu ya ce ran Asabar zai kai awakin kasuwa, tunda ba mai kula da su, kuma Baba da ma ba ya son su. Don tausayina ya faɗa. Ka ji tsiya! Ko in haɗiye maganata, ko in ga an ja Kyalla da igiya.

Ran Alhamis na ɗauki ƙwaryarki na nufe ta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta bari sai da na tara ɗan abin kirki, sannan ta tsoma ƙafa a ciki. Ran Juma'a na tuna kina fara zuba mata dusa, ki wanke hantsar da ruwan ɗumi. Ta yarda. Na tace nonon da farin ƙyalle, na ɗora a kan garwashi, na daka ganyen tumfafiya cike da hannu na matse ruwan a ciki. Ya kama kam, amma ɗacinsa ko kaji sun ƙi.

Ran Asabar na rage ganyen zuwa biyar, na rage wuta, na zauna na zuba wa tukunya ido. Dije, da na ga farin ya tattaru ya taso, ruwan ya ware garau a gefe, ban san lokacin da na yi kabbara ba. Ina cikin kwashewa a ɗan kwandonki sai ga Habu da igiya, Maryama a bayansa. Suka tarar da tsohon hedimasta da ludayi a hannu, toka har gemu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa musu komai.

Maryama ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta samu numfashi ta gaya mini abin da kika gaya mata tun tana budurwa: wai kin ga inuwata a waccan asubar. Wai a bar mini girmana, ba ki taɓa samun makiyayi irina ba, muddin ina zaton asiri ne. Har saƙo kika bar mata, wai duk ranar da na amsa laifina a gaya mini ganye biyu sun isa.

Ashe shekara talatin ina yi miki kara, ke ma kina yi mini? Wa ya ci wa a cikinmu?

Habu ya naɗe igiyarsa, Kyalla tana nan. Muka barbaɗa wa cukun gishiri, muka soya, muka ci da yaji. Da ɗan ɗaci-ɗaci har yanzu. Hawaye ya zubo mini, na ce hayaƙi ne, yaran kuma suka yi mini irin karar uwarsu.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Duk shekarun nan shanun Bafulatana nake yabo, ban taɓa yabon hannun da ke tashi cikin sanyi ya yi tatsa ba. Na gode, Dije. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba.

Gobe zan gwada ganye biyu. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa mu a inda ba rabuwa. Har yau in na dawo daga masallaci sai na tsaya a zaure na yi tari, sannan in tuna.

Naki,
mai tarin zaure, makiyayin Kyalla.