Tarihin Kakan Buba Tela

Daren Laraba, Jekadafari

Yau Buba tela ya kunyata ni a majalisa. Ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba Manu, kai da ka haddace sarakunan duniya, wa ya fara taka wata?" Na ce wata ganinsa ake yi a ɗau azumi, ba a taka shi. Har mai shayi ya yi dariya. Tuwo ma na kasa ci.

Buban nan ya roƙe ni in ba da tarihin kakansa ran Asabar a walimar ɗansa, wai kakan jarumi ne. Zan je da babbar rigata. Ranar da mahara suka shiga ƙauyensu, cikin rumbun gero aka zaƙulo jarumin yana atishawa. A lasifika zan faɗa.