Ƙanena na jiran hantata, an ce ta yi kitse

Malama Nisveta, don Allah ki ba ni shawara da wuri, murna da tsoro sun haɗe mini. Ƙanena Muhidin ya daɗe yana fama da ciwon hanta, har likitoci suka ce sai dashe. Duk gidanmu aka gwada, kuma ni ce na dace! Ranar da aka faɗa mini, a tsakiyar asibiti na rungume wata mata da ban taɓa gani ba. Ni na goya yaron nan bayan rasuwar mahaifiyarmu, yanzu ga shi zan ba shi yankin jikina.

To amma da aka ɗauki hoton cikina sai aka ce tawa hantar ta tara kitse, ba za a taɓa ta ba sai ya ragu. Ni ko giya ban taɓa sha ba. Sai dai burek, gashin fulawa mai nama a ciki, nake gasawa in sayar a garin Travnik, kuma duk wanda ya fashe a tanda cikina yake tafiya, ga gahawa da sukari, ga taba. Muhidin, yana kwance idonsa ya yi ɗorawa, har tsokanata ya yi, wai shi bai yi odar hanta mai maiƙo ba.

Jiya maƙwabciyata Inna Zumreta ta kawo mini albishir, wai akwai bitamin masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, su E da A da C, suna wanke hanta tas, wai su suka gyara surukinta. Ban ko cire gyalen aiki ba na ruga kantin magani na kwaso kwalabe. Niyyata in ninka abin da aka rubuta a jiki, in kuma daina cin abinci sai ruwa, in ba likita mamaki. Maigidana Sakib ya ce ba a gidansa ba. Shi dai na san tsoron tiyatar yake ji gaba ɗaya, ya ƙi faɗa ne. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Mai burek, Travnik

'Yar'uwa, na taya ki murna, kuma na ji daɗin himmarki. Amma kada ki buɗe kwalaben nan.

Inna Zumreta ba ƙarya ta yi duka ba. Akwai masu kumburin hanta da likita kan rubuta wa bitamin E bayan gwaji, wasu kuma su amfana. Sai dai ba a tabbatar cewa bitamin ɗin na hana kitse taruwa ko narkar da shi a jikin kowa ba. Ke kuwa tiyata ke gabanki, kuma bitamin E mai yawa kan sa jini ya ƙi tsayawa. Bitamin A in ya yi yawa hantar ce yake illatawa. Yunwar da kike shirin yi ma kan ƙara wa hanta wahala.

Abin da ke rage kitsen shi ne rage ƙiba a hankali. Ki bar abin da ya fashe a tanda ga wasu. Gahawarki ki ci gaba da sha, ban da sukari. Tattasai, kabeji, alayyahu, wake, tuffa da man zaitun za su ba ki bitamin ɗin da kike nema ba tare da haɗari ba. Ki riƙa tafiyar ƙafa kullum, tabar kuma ki nemi taimakon barinta tun kafin aiki. Ki kwashi kwalaben ki kai wa likitan dashen, ki tambaye shi ƙibar da yake so ki rage.

Ki tafi da Sakib. Tsoronsa na da hujja, aikin babba ne, kuma ya cancanci ya ji amsa daga bakin likita. In an sake hoto aka ce har yanzu da saura, ba ki ci amanar Muhidin ba. Likitan da ya ƙi taɓa ki, rai biyu yake tsarewa.

Allah ya ba Muhidin lafiya, ya tashe ku duka biyun daga gadon asibiti da ƙafafunku.

Nisveta