Zabon Tafkin Marke

Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe, kai a ƙasa, kamar yadda kika koya mini, ko da yake na san a inda kike yanzu addu'a ta fi gaisuwa amfani. Mu nan Batsari muna lafiya, jikokinki sun girma. Gwaggo Hansai ce dai jiki ya ƙi, kuma a dalilinta na zauna rubutun nan. Masu karantawa a waya su yi haƙuri, magana ce tsakanina da uwata, amma ban hana kowa saurare ba.

Bari in fara da abin da na daɗe ina kewaye-kewaye a kansa. Inna, kifi nake soyawa. Allah ya rufa miki asiri ba ki ga lokacin da daji ya ƙi zaunuwa ba, aka kore shanun Baffa, muka tattaro muka dawo gari. Da na duba hagu na duba dama ban ga nonon da zan ɗauka a ka ba, sai na kafa kasko a bakin kasuwa. Kifin ƙanƙara ne da ake kawowa daga Katsina. Da shi nake ciyar da gida, amma duk sanda na tsoma hannu cikin robar wanki sai na ji kamar kina tsaye a bayana.

Kin tuna mashekarinmu na bazara a bakin Tafkin Marke, can bayan Ruma? Idan rijiyoyi suka ƙafe, zafi ya fara dukan ƙeya, sai mu ɗora kaya a kan jakai mu sauka ƙarƙashin itatuwan gabas. Masunta kuma su kafa bukkokinsu a yamma, tsakaninmu ruwan da kullum yake ja da baya. Mu ƙamshin nono da hayaƙin kashin shanu, su hayaƙin banda da ƙudaje. Muna gaisawa, muna musayar nono da gishiri, amma ba ma cin abin da suke ci.

Dokar gidanmu a fili take, kuma Gwaggo, yayar Baffa, ita ce alƙaliyarta: hannun da ya taɓa kifi ba ya taɓa ƙwarya, don nono zai lalace, saniya ta ɗauke. Ke ma kina faɗa, amma a hankali, idonki a kan aikinki. Ranar da na dawo da ɓawon kifi a kan zanena, Gwaggo ta cuɗe ni da toka har fatata ta yi ja.

Duk da haka ƙafata ba ta zauna ba. Ni dai ina son in san yadda mutum yake kwanciya a kan gora ya yi ta yawo bisa ruwa bai nutse ba, da dalilin da ya sa tarwaɗa take da gashin baki. Abin da ya fi cin raina shi ne aikin Tasalla, matar babban masuncin nan, wadda take barin ruwa a bayanta ta nufi busasshiyar laka da fartanya a kafaɗa. Sai ta yi ta tafiya a kan ƙasar da ta dare, tana buga sanda, tana karkata kunne. In ta ga wani ɗan rami kamar na gyare sai ta durƙusa ta haƙa. Da idona na ga ta ciro dunƙulen ƙasa, ta fasa, ga gaiwa a naɗe cikin wani tantani, tana gurnani, da ranta.

Kifi a cikin ƙasa, Inna, inda ko ɗigon ruwa babu! Na tambayi Tasalla me take ci a can, ta ce jikinta take ci kaɗan-kaɗan har damina ta sauka. Na kawo miki labarin da gudu, kika ce in je in wanke ƙafata, ba a kawo zancen masunta kusa da ƙore.

Sai shekarar da ruwa ya yi jinkiri, shanu suka rame, nono ya zama sai a ƙasan ƙwarya, ni kuma baƙon dauro ya kwantar da ni. Ban tuna abu da yawa ba, sai zafin bukka da tafin hannunki a goshina. Na kuma tuna romon zabo. Kullum da hantsi kina kawo mini shi a ƙaramin kwano, da ɗan tsami-tsami, naman fari, ba ƙashi. Kika ce wani maharbi ne yake ba ki. Har na girma ina ba mutane labarin zabon nan, ina cewa na daji daban yake, tunda duk wanda na ci a gari bai kama ƙafarsa ba.

To, makon jiya, ranar kasuwa, wata tsohuwa ta tsaya a gaban kaskona tana kallona, ta ƙi saye, ta ƙi wucewa. Tasalla ce, Inna. Haƙora sun tafi, dariyar tana nan. Su ma tafkin ya gagare su, suna zaune wajen Safana. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda suka riga mu. Da na ga tana kallon kifin, kunya ta sa na ce mata da kina raye da ba ki ci daga hannuna ba.

Ta yi dariya har sai da ta dafa rumfa. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, halan ba a taɓa faɗa maki ba? Wa kike tsammani ya koya ma uwarki sauraren ƙasa? Ni ce maharbin."

Ta ce ke kika same ta a cikin laka, da fartanyar aro, kika ce ɗiyarki na mutuwa kuma ba abin yankawa. Ta ce kunnenki ya fi nata. A bukkarta kike dafa gaiwar da kika haƙo, ki wanke hannu da toka da ganye har gwiwar hannu kafin ki dawo. Ta ce ko ɗanɗana gishiri ba ki taɓa yi ba, ita kike miƙa wa ludayi.

Tun ranar tambayoyi suka hana ni sakat. Yaya kika ji da kika fara riƙe gaiwa tana motsi a hannunki? Wa ya tatsar miki shanu a kwanakin, ko kuwa kin tatsa da hannun nan kika ga nono bai lalace ba, kika yi shiru? Baffa ya sani? Ke da kunya ba ta taɓa barin ki kira sunana ba, ashe kin shiga laka har gwiwa saboda ni.

Yanzu ga maganar Gwaggo. Tun da na kafa kasko ba ta ƙara cin abin da na dafa ba. Tukunyarta daban, jikarki ke girka mata. Da ciwo ya kama ta sai ta koma kunu kawai, kunun ma kurɓa biyu, tana ƙarewa muna kallo. A asibiti sun ce ta samu abin da zai riƙe jiki, nama kuma ya fi ƙarfina. Tsoro ya kama ni sosai, don ita kaɗai ta rage mini a cikin manyanmu.

Jiya Tasalla ta aiko mini da bandar gaiwa. Na dafa da hannuna, na kai wa Gwaggo da hantsi a ƙaramin kwano. Na yi niyyar in ta tambaya ba zan yi mata ƙarya ba. Ba ta tambaya ba. Ta sunsuna, ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta yi bismilla ta kurɓa. Ta sha har ta ga ƙasan kwano.

Da ta miƙo mini kwanon sai ta ce, "Kin yi ƙoƙari, amma na uwarki ya fi. Zabon tafki sai da tsamiya, in ba haka ba ƙarni yakai. Gobe ki sa."

Na fita bayan ɗaki na yi dariya, na yi kuka, ban san wanne ya fara ba. Ashe ku biyu kuka riƙe maganar nan, ita da ta cuɗe ni da toka. Yau da safe na sa tsamiya, ta shanye, har ta nemi a zaunar da ita a bakin ƙofa. Na ɗanɗana ragowar, Inna, kuma shi ne, shi ne ɗanɗanon da nake nema tun ina yarinya.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke daga tafkin da ba ya ƙafewa. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya saka wa Tasalla da alheri, ya zaunar mana da dajinmu har jikokinki su je su ga inda kika durƙusa.

Ɗiyarki ta fari, wadda kike kira "ke",
Halimatu